Mil Ɗari a Mako: Tarihin Masu Sassarfa da Lissafin Gudunsu

Ranar 2 ga Satumba, 1960, a filin wasannin Olamfik na birnin Rum, wani saurayi ɗan Niyu Zilan mai shekara 21, Peter Snell, ya kutsa ta layin ciki a mitocin ƙarshe na tseren mita 800, ya sha gaban Roger Moens na Beljiyam, wanda a lokacin babu wanda ya kai shi sauri a wannan tazara a duk duniya. Kafin ranar, ba kowa ya san sunan Snell ba. Ba a cika awa guda ba sai ga ɗan ƙasarsu Murray Halberg, wanda hannunsa na hagu ya shanye tun wani rauni da ya ji a wasan rugbi, ya ɓalle daga cikin abokan tserensa saura zagaye uku a gama mita 5,000, ya riƙe wuta har ya ɗauke zinare. Bayan kwana takwas, Barry Magee ya samu tagulla a gudun fanfalaki, wanda Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi a ƙafarsa.

Su ukun daga birni ɗaya suka fito, Auckland, kuma mutum ɗaya ke horar da su. Arthur Lydiard ba likita ba ne, ba malamin jami'a ba ne. A masana'antar takalma ya yi aiki, ya kuma yi sana'ar raba madara gida-gida da asuba. Duk wanda a yau ya ɗaura takalmi da sassafe ya zaga unguwa, ya dawo ya duba wayarsa don ganin kilomita nawa ya yi kuma a minti nawa, yana cin gadon wannan mutum, ko ya taɓa jin sunansa ko bai taɓa ba.

Kafin Lydiard, agogo ne sarki a horon 'yan tsere. Paavo Nurmi na Finlan, wanda ya tara zinare tara tsakanin 1920 da 1928, da agogon auna daƙiƙa a tafin hannunsa yake gudu, yana dubawa a kowane zagaye don kada saurinsa ya hau ko ya sauka. A Jamus kuwa, mai horarwa Woldemar Gerschler, wanda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da likitan zuciya Herbert Reindell, ya mayar da abin lissafi tsantsa: a ruga gajeriyar tazara, kamar mita 200, har bugun zuciya ya kai kusan 180 a minti, a sarara har ya sauko 120, a sake rugawa, a yi ta maimaitawa. Ɗalibinsa Rudolf Harbig ya yi mita 800 a minti 1 da daƙiƙa 46.6 a Milan a 1939, bajintar da ta shekara goma sha shida ba a karya ba, sai da Moens ya zo a 1955. Don haka a idon masana na wancan zamani magana ta ƙare: mai son sauri ya yi ta atisayen sauri. Gudu mai nisa a hankali, a ganinsu, kashe ƙafa yake yi.

Lydiard ya biyo ta wata hanya dabam, kuma kunya ce ta kai shi. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, yana buga rugbi, yana ganin kansa ƙaƙƙarfa, sai wani magidanci da ya girme shi nesa ba kusa ba ya ja shi gudun mil biyar. Ya dawo yana haki kamar ransa zai fita, mutumin kuwa ko a jikinsa. Daga nan ya mayar da jikinsa abin gwaji. Ya shafe shekaru yana ƙara tazara yana ragewa, wani makon har ya kai mil 250, yana lura da inda ƙarfi ke ƙaruwa da inda jiki ke fara rushewa. A ƙarshe ya tsaya a kan mil ɗari a mako, wato kilomita 160, kusan nisan Kano zuwa Zariya. Da wannan tsari ya zama zakaran gudun fanfalaki na ƙasarsa a 1953 da 1955, yana dab da shekara arba'in.

Tsarin ba tara mil ba ne kawai. Ba a yin tazara iri ɗaya kwana biyu a jere: yau mil goma, gobe goma sha biyar, wata rana goma sha takwas, sannan a ƙarshen mako a yi mai tsawon. Wannan mai tsawon shi ne zagayen Waiatarua, mil 22, kimanin kilomita 35, wanda ke farawa daga ƙofar gidan Lydiard, ya haura tsaunukan Waitakere da ke yammacin Auckland, ya gangaro ya dawo gida. An ruwaito cewa ranar da Snell ya fara kammala zagayen, da ya shiga ɗaki sai ya zube a kujera ya fashe da kuka don azaba. Ka tuna fa, wannan yaro tseren da bai kai minti biyu ba yake shirin yi. Hujjar Lydiard ita ce, 'yan tsere da yawa suna da saurin da ake bukata, abin da suka rasa shi ne numfashin da zai riƙe saurin har ƙarshe. Sai an yi kimanin mako goma ana gina wannan numfashi, sannan a koma atisayen hawa tudu na wasu makonni, sannan a shiga fili a yi na sauri. Agogo yana nan, amma sai a ƙarshe yake shigowa.

A watan Fabrairun 1962, a kan filin ciyawa a Christchurch, Snell ya yi mita 800 a minti 1 da daƙiƙa 44.3, ya kawar da bajintar Moens. A Tokyo a 1964 ya haɗa zinaren mita 800 da na 1,500. Gardama ta ragu.

Da a nan labarin ya tsaya, da na zakaru ne kaɗai. Amma a daidai wannan lokaci Lydiard ya fara jan hankalin wasu mutane da ba su da alaƙa da lambar yabo: 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis masu tumbi, wasunsu ma sun taɓa kwanciya da ciwon zuciya, a zamanin da likitoci da dama ke ce wa irin waɗannan su zauna wuri ɗaya. Shi da Colin Kay, wanda daga baya ya zama magajin garin Auckland, suka kafa ƙungiyar masu sassarfa ta birnin, ta fara fita a farkon 1962 a dandalin Cornwall Park. Ka'idar ba ta da wuya. A yi gudu a hankali, gwargwadon yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi. In magana ta fara yankewa saboda haki, an wuce gona da iri, a rage. Wannan ma'auni na hira ya fi kowace na'ura daɗewa, kuma har gobe masu horarwa ba su samu wanda ya fi shi sauƙi ba.

A watan Disamba na shekarar, Bill Bowerman, mai horar da 'yan tseren Jami'ar Oregon ta Amurka, ya kawo tawagarsa Niyu Zilan. Lydiard ya gayyace shi fita da masu sassarfa wata safiya. Bowerman, mai shekara 51, tsohon soja, wanda ya horar da zakaru, ya ɗauka yawon shan iska ne. Da aka kama hawan tudu sai numfashi ya ƙare masa, jama'a suka yi gaba. Wanda ya rage gudu don kada a bar baƙo shi kaɗai wani dattijo ne mai shekara sama da saba'in, wanda ya sha fama da ciwon zuciya. Abin ya tsaya wa Bowerman a rai. Ya ci gaba da sassarfa kusan kullum har ya bar ƙasar, ya koma gida tumbinsa ya ragu.

A garin Eugene ya sanar cewa duk mai so ya zo filin Hayward a yi sassarfa tare. Aka fara da 'yan tsiraru, cikin makonni kaɗan mutane suka kai dubbai, maza da mata, har abin ya ba shi tsoro, don bai san lafiyar zuciyar kowa ba. Wannan ne ya sa ya nemi likitan zuciya Waldo Harris suka tsara abin a kimiyyance. Littafinsu mai suna Jogging, wanda ya bazu daga 1967, an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne jadawalin: mako-mako, rana-rana, tazara kaza a sauri kaza, a haɗa da tafiya, sannan ranar wahala ta biyo da ranar sauƙi. Ta nan lissafin da a da sirri ne tsakanin zakara da mai horar da shi ya shiga hannun malamin makaranta da matar gida. Shi kuma Bowerman faɗuwa ta zo masa daidai da zama, domin tun 1964 shi da tsohon ɗalibinsa Phil Knight suka kafa kamfanin sayar da takalman gudu, wanda ya koma Nike a 1971.

Wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya ƙara wa abin lamba a 1968 da littafinsa Aerobics. Ya kawo gwajin minti goma sha biyu: ka yi iya gudunka a wannan lokaci, a auna tazarar da ka ci, a gaya maka matsayin lafiyarka. Ya kuma ba kowane motsa jiki maki, ya ce a nemi maki talatin a mako. Mutane suna son abin da za su iya ƙirgawa, sai suka rungume shi.

Daga nan abin ya zama ruwan dare a Amurka. Gasar fanfalaki ta New York ta fara a 1970 da mutum 127 suna zaga Central Park, kuɗin shiga dala ɗaya, 55 ne suka kai ƙarshe. Frank Shorter ya ci zinaren fanfalaki a Munich a 1972 jama'a na kallo a talabijin. Littafin Jim Fixx na 1977 a kan gudu ya shiga gidaje bila adadin. Alamar mai gudu na gaske a wancan zamani ita ce ɗan littafin da yake ajiyewa kusa da gado: kwanan wata, mil nawa, minti nawa, yanayin gari, nauyin jiki, inda ke ciwo, sannan jimilla a ƙarshen mako. Ron Hill na Ingila ya kai wannan al'ada maƙura. Daga Disambar 1964 zuwa Janairun 2017, shekara 52 da kwana 39, bai tsallake rana ɗaya ba tare da ya yi aƙalla mil guda ya rubuta ba, har washegarin haɗarin mota da ya karya masa ƙashin ƙirji a 1993. Akwai abin jinjina a wannan naci, akwai kuma abin tsoro, domin littafin da aka buɗe don ya yi wa jiki hidima yana iya komawa ubangidan jikin. Mutuwar Fixx a 1984, yana cikin gudu a jihar Vermont yana da shekara 52, ta girgiza mutane. Binciken gawa ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun toshe sosai, mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da shekara 43. Tarin mil ba ya maye gurbin ganin likita.

To amma mil ɗin da ake rubutawa, wa ya auna shi? Yawancin masu gudu mota suke shiga su bi hanyar su duba ma'aunin tafiyarta, ko su shimfiɗa zare a kan taswira. Masu shirya gasa ma haka suke yi, shi ya sa mutum zai yi murnar saurinsa ya ƙaru alhali hanyar ce gajeriya. John Jewell a Ingila da Ted Corbitt a Amurka, wani baƙar fata da ya wakilci ƙasarsa a fanfalakin Olamfik na 1952, su suka dage a kan awo da keke. A 1971 Alan Jones ya ƙera wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a gindin tayar gaba tana ƙirga juyawarta. Mai awo zai fara gwada kekensa a kan miƙaƙƙiyar tazarar da aka auna da tef ɗin ƙarfe, ya san juyi nawa ke ba da kilomita, sannan ya bi hanyar tseren ta layi mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi, yana yanke kowace kwana, in ya gama ya sake gwada keken domin zafin rana yana canza iskar taya. A kan kowace kilomita ana ƙara mita ɗaya don kariya, wato mita 42 a fanfalaki. Muhimmancin wannan ya fito fili bayan Alberto Salazar ya yi awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 13 a New York a 1981, aka yi shelar ya kafa tarihin duniya, daga baya aka sake awo aka tarar hanyar ta gaza da kusan mita 150. Har yau da wannan keke ake tantance hanyoyin manyan gasanni.

Na'urorin da suka biyo baya sun zo da sauri. Kamfanin Polar na Finlan ya fitar da ma'aunin bugun zuciya marar waya a 1982, abin da Gerschler ke yi da yatsa a wuyan ɗalibi ya koma tsintsiyar hannu. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da take yi wa farar hula da gangan, a 2003 Garmin ya fitar da agogon Forerunner, a 2006 Nike da Apple suka sa 'yar na'ura a cikin takalmi. Manhajar Strava, wadda Michael Horvath da Mark Gainey suka kafa a 2009, ta ɗauki ɗan littafin gefen gado ta baje shi a gaban jama'a.

A nan ne abin ya sauya hali, kuma ba duka sauyin ne alheri ba. Littafin takarda mai shi kaɗai ke gani, ba ya jin nauyin rubuta cewa yau a hankali ya tafi. Da abokai suka fara gani suna yabawa, sai ranar sauƙi ta zama abin jin kunya. Mai gudu ya riƙa matsa wa kansa kullum, bai yi a hankalin da zai gina numfashi ba, bai kuma yi saurin da zai ƙara masa kaifi ba, yana tsakiya yana tara gajiya. Stephen Seiler, masanin motsa jiki ɗan Amurka da ke aiki a Norwe, ya bi diddigin horon manyan 'yan wasan juriya, masu gudu da masu tuƙa kwalekwale da masu zamiya a kan ƙanƙara, ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne, ragowar kaɗan ɗin ne mai tsanani. Dalilin a jiki yake. Gudu mai tsawo a natse yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, yana yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yana koya wa tsokar amfani da iskar da ta samu. Wanda ke yin kilomita biyar a minti talatin, wato minti shida kowace kilomita, sau da yawa abin da zai sauko da shi zuwa minti ashirin da bakwai shi ne ƙarin kwanakin fita a hankali, da rana ɗaya ko biyu na sauri a mako.

Sai dai zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa. Mutum zai ji numfashinsa ya buɗe bayan 'yan makonni, ya ninka tazara, sai gwiwa ko ƙwauri ko agara su ƙi. Don maganin wannan aka yaɗa shawarar nan ta cewa kada a ƙara fiye da kashi goma cikin ɗari a kan tazarar makon jiya. Shawara ce mai hankali, amma ba a kan gwaji aka gina ta ba. Da masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan suka gwada ta a kan sababbin masu gudu 532, rukuni ɗaya ya bi tsarin mako goma sha uku mai hawa sannu-sannu, ɗayan ya bi na mako takwas, sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni a kowane ɓangare. Lamba ɗaya ba ta isa ta yi wa kowane jiki hukunci ba. Nauyin mutum, shekarunsa, barcinsa, tsohon rauninsa da irin ƙasar da yake takawa duk suna da ta cewa.

Shi kansa Lydiard an yi masa gurguwar fahimta ta fuska biyu. Wasu sun riƙe mil ɗari kamar wajibi, suka manta cewa wa zakarun da suka shekara suna gini ya tsara shi, masu tumbin Cornwall Park kuwa da 'yan mintoci ya fara da su. Wasu kuma sun ɗauka jan ƙafa ya koyar, alhali yaransa da ƙarfi suke bin tsaunukan Waitakere, iyaka dai ba sa kai kansu ga haki. Finlan ce ta fi fahimtarsa. Ya je can a 1967 ya yi aiki da masu horarwarsu, a Olamfik na 1972 Lasse Virén ya ci mita 5,000 da 10,000, Pekka Vasala ya ci 1,500, ƙasar kuma ta karrama shi da lambar girma. Ya rasu a Disambar 2004 a jihar Texas yana da shekara 87, yana tsakiyar rangadin laccoci a kan gudu.

Wata biyu kafin rasuwarsa, ranar 2 ga Oktoba, 2004, wani mai gudu da rauni ya hana shi fita, Paul Sinton-Hewitt, ya tara mutum goma sha uku a Bushy Park da ke Landan, ya riƙe musu agogo suka yi kilomita biyar, ya rubuta sakamakon a takarda. Wannan shi ne mafarin parkrun, wanda yanzu ake yi kyauta duk safiyar Asabar a ƙasashe sama da ashirin, har da Afirka ta Kudu, inda Sinton-Hewitt ya tashi. Kowa na zuwa da lambarsa, a auna lokacinsa, a aika masa, ya kwatanta da na makon jiya. Masu shirya shi suna alfahari da cewa matsakaicin lokacin kammalawa yana ƙara tsawo shekara bayan shekara, domin hakan na nufin tsofaffi da masu jiki da masu tafiya da ƙafa suna shigowa. A watan Fabrairun 2024 suka cire jerin waɗanda suka fi kowa sauri daga shafinsu, suka ce yana tsorata sababbin zuwa. Dubban masu gudu suka sa hannu a takardar koke suna neman a mayar da shi, suna cewa ganin bajintar wasu ne ke sa su ƙara himma. Masu shiryawar ba su janye ba, amma sun bar wa kowa lokacinsa da tarihin duk Asabar ɗin da ya fito.